Minti Bakwai

"Wai ke 'yar nan, yaushe za ki gama jarabawa ne?"

Abin da Inna take fara ce mini ke nan duk ranar da na buga mata waya na ce ta saka ni a addu'a. Ba na ganin laifinta. Tun ina 'yar shekara goma sha bakwai nake roƙonta addu'ar jarabawa, ga shi na doshi arba'in, da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, ban daina ba. Sa'o'ina da muka yi makarantar kwana tare wasu har sun fara aurar da 'ya'ya, ni kuwa ina wani gari mai sanyi a arewacin Ingila, ƙarfe huɗu na dare, ga kofin shayi ga tarin takardu, ina haddace yawan iskar da ya kamata a hura wa huhun da ya lalace.

Jarabawar da zan ba da labarinta ita ce ta ƙarshe a fannina, wadda ake kira FFICM, ta likitocin sashen ICU, wato ɗakin da ake kwantar da waɗanda suke rai kwakwai mutu kwakwai. Na faɗi wani ɓangare nata a karon farko. Na daɗe ban gaya wa kowa ba, daga maigidana sai Inna, domin mu likitoci muna da wani irin girman kai, gara a ji ɓarawo ya shiga mana gida da a ji mun faɗi jarabawa. Yanzu da ƙura ta lafa na ga gara in faɗa, saboda ƙannena da suke tafe a baya. Abin da ya kayar da ni yana nan yana jiran da yawa daga cikinsu.

Shigata wannan fanni ta samo asali ne daga wani dare a 2012, ina hidimar ƙasa a wani asibitin gwamnati a Arewa. Wajen ƙarfe tara aka kawo wata yarinya a bayan a-kori-kura, ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba, cikin fari, jijjiga ta kama ta tun da la'asar, harshenta duk ta tattaune shi. Muka yi mata allurar magnesiyam, aka shiga da ita tiyata aka ciro jariri da rai. Sai ita uwar ta ƙi jan numfashi da kanta. Na'urar numfashi ɗaya ce a asibitin, ita ma ta daɗe da mutuwa, an lulluɓe ta da zani a kusurwa. Abin da ya rage mana shi ne bututun da ke maƙogwaronta da jakar roba ta hura iska, wadda muke ce wa ambu. Matsawa ake yi da hannu, a saki, a sake matsawa, ba tsayawa.

Mu uku muka raba daren: ni, da wata nas dattijuwa, da yayan yarinyar, wani manomi wanda bai taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Na kama hannunsa na ɗora a kan jakar na ce, "Malam, ka matsa haka, ka ƙirga biyar a ranka, ka sake matsawa. Ka riƙa kallon ƙirjinta, in yana ɗagawa to daidai ne." Ya ce, "Likita, in hannuna ya gaji fa?" Na ce, "Ka kira ni kafin ya gaji." Aka ɗauke wuta sau biyu, muka ci gaba da fitilar waya. Har yau in na tuna ina jin yadda tsakiyar tafina ya ƙage. Ana idar da sallar asuba a masallacin asibiti na ji jakar ta motsa a hannuna ba ni na matsa ta ba. Ta ja numfashi. Bayan kwana tara ta tafi gida da ɗanta a goye.

Wata uku bayan haka aka kawo wata, kusan irin ta farkon sak. Ita ba ta kai asuba ba.

Shekaru bayan nan, ina karatun wannan jarabawa, na ci karo da tarihin yadda fannin namu ya fara. A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak, yara suna ta mutuwa saboda naman da ke jan numfashi ya shanye. Wani likitan sa barci, Biyon Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa hura iska da jaka. Aka tara ɗaliban likitanci sama da dubu suna karɓa-karɓa dare da rana, makonni suna matsa jaka da hannu, mace-macen suka ragu ƙwarai. Daga nan aka buɗe sashen ICU na farko a 1953. Na ajiye littafin na yi shiru. Ashe abin da muka yi da manomin nan, wanda na daɗe ina jin kunyar ba da labarinsa a gaban Turawa, shi ne tushen sana'ar baki ɗaya. Shekara sittin ce kawai tsakaninmu.

Zuwanmu Ingila a 2015 sanadin karatun maigida ne. Ba zan tsaya kan wahalar farko ba, duk likitan da ya zo daga gida ya san ta: jarabawar Turanci, jarabawar PLAB ta samun izinin aikin likita a ƙasar, kashi biyu, na biyun a Manchesta, sannan ka koma ƙaramin likita kana bin bayan yaran da ka girme su da shekara bakwai. Na ci jarabawar farko ta likitocin sa barci, na samu gurbin horon ICU a 2019. Ban cika shekara ba korona ta zo.

Abin da na gani a watannin Maris da Afrilun 2020 ba a littafi na koye shi ba. Gadaje har cikin ɗakunan tiyata. Mutum bakwai muke taruwa mu kifar da mara lafiya ɗaya ruf da ciki, da duk bututun da ke jikinsa, ya yi awa goma sha shida a haka, sannan mu sake taruwa mu juyo shi, domin bayan huhu ya samu ya buɗe. A watan Yuni binciken RECOVERY ya fito ya nuna cewa deksametason, miligiram 6 a rana, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na yi dariya ni kaɗai a cikin takunkumi. Maganin da 'yan mata a gida suke saye a kemis ɗin unguwa don su yi ƙiba, har muna yi musu faɗa, shi ne ya zo ya ceci dubban mutane a London. Da na fito daga wannan shekara na ɗauka babu abin da wani zai tambaye ni a kan ICU ya girgiza ni. Nan na fara yaudarar kaina.

Hukumar da ke shirya jarabawar, wadda aka kafa a 2010, a lokacin tana zaune ne a ginin Kwalejin Likitocin Sa Barci da ke dandalin Red Lion a London. Sai ka ci jarabawar za a bar ka ka shiga matakin ƙarshe na horo, in ba haka ba kana nan a tsaye, abokan tafiyarka su wuce su bar ka. Kashi uku ce. Na farko a kwamfuta ake yi, awa uku, tambayoyi masu amsa biyar-biyar, kuma masifar ita ce sau da yawa uku daga ciki duk daidai ne, wadda ta fi dacewa ake nema. In ka haye wannan sai ka je London ka yi sauran biyun. Ɗaya zagaye ne na tashoshi goma sha uku, kowace minti bakwai: nan a miƙo maka hoton ƙirji, can zanen bugun zuciya, gaba wata na'ura a ce ka bayyana yadda take aiki, gaba kuma ɗan wasan kwaikwayo yana matsayin ɗan'uwan mara lafiya. Ɗayan kuma na baka ne zalla: tebur huɗu, kowanne da manyan likitoci biyu, kowane tebur tambaya biyu, kowace tambaya minti bakwai. Ana kaɗa ƙararrawa ka tashi ko ka gama ko ba ka gama ba.

Kashin farko bai ba ni tsoro ba, don hadda gadonmu ce. Wanda ya tashi da allo a hannu ya san yadda ake cusa abu a ka. Na yanka kwali ƙanana sama da ɗari huɗu, gaba tambaya baya amsa, na raba su kamar yadda Malam yake raba mana izu: sabon karatu bayan asuba, tishi da daddare. Akwai kati a jikin firji, akwai a cikin mota, akwai a aljihun rigar aiki. Binciken shekarar 2000 da ya nuna cewa hura wa lalataccen huhu iska mililita 6 a kowane kilo na nauyin jiki ya fi 12, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. Binciken PROSEVA na 2013 a kan kifar da mara lafiya. Sabuwar ma'anar gubar ƙwayoyin cuta a jini ta 2016. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne FEAST na 2011, wanda aka yi a kan yara sama da dubu uku a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka gano cewa ɗura wa yaro mai zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ta jijiya yana ƙara mutuwa maimakon ya rage. Na daɗe a kan wannan kati. Yara nawa na tsaya a kansu ina matse ledar ƙarin ruwa da hannuna don ta yi saurin shiga, ina ganin taimako nake yi? Haka aka koya mana, haka duniya duka take yi a lokacin, amma sanin hakan bai hana ni yin istigfari ba.

Na ci kashin farko a Janairun 2023 da maki mai kyau. Sai na ci gaba da shirin London da irin salon da na saba: karatu ni kaɗai, baki rufe. Abokan aikina suna ta haɗuwa suna yi wa juna tambayoyi da baki, suka gayyace ni sau biyu, na ce yara ba za su bar ni ba. Ƙarya nake yi. Ba na son in buɗe baki in yi kuskure a gabansu ne.

Ranar jarabawa na sauka a tashar Holbon tun da sauran awa biyu. Zagayen tashoshin ya tafi lafiya. A na baka ne, a tebur na biyu, wata likita mai farin gashi ta dube ni ta ce in gaya mata yadda ake tabbatar da mutuwa ta hanyar gwajin tushen ƙwaƙwalwa. Wallahi na san amsar. Na taɓa tsayawa an yi gwajin a gabana ba sau ɗaya ba. Amma sai na ji kaina ina farawa da cewa al'amari ne mai sarƙaƙiya, kuma ya danganta, kuma akwai mahanga daban-daban, kuma a ganina, in ban yi kuskure ba. Idona yana kan tebur. Ina faɗin jimla ɗaya in tsaya in jira ta gyaɗa kai kafin in ci gaba. Ita kuwa an hana su gyaɗa kai. Ta yi ta jawo ni da ƙananan tambayoyi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, kafin mu iso kan gwajin numfashi ƙararrawa ta kaɗa. Haka na yi a tebur na uku. A na huɗu kuwa gwiwata ta riga ta yi sanyi.

Cikin azumi sakamako ya fito. Ina bakin aiki, na shiga ɗakin ajiye kaya na buɗe waya. Na ci zagayen tashoshi, na faɗi na baka. Na fito na ƙarasa duba marasa lafiyata kamar ba abin da ya faru, na tuƙa mota zuwa gida, na soya ƙosai, aka sha ruwa. Sai da na tayar da sallar isha'i kuka ya ƙwace mini a raka'a ta biyu. Maigida ya jira na sallame ya ce, "Maman yara, faɗuwa ce ko rasuwa aka yi?" Na ce faɗuwa ce. Ya ce, "To alhamdu lillahi, wannan tana da magani."

Masu jarabawar ba su zalunce ni ba, wannan na yarda da shi tun a daren. Abin da ban gane ba shi ne ta ina aka hau ni, tunda na san karatun. Wanda ya warware mini shi ne wani babban likita a sashenmu, dattijo ɗan Sikotland, wanda ya ce in zo ofishinsa ya gwada ni. Ya yi mini tambaya ɗaya, ya saurare ni minti biyu, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na ga yadda kike aiki da ƙarfe uku na dare in zuciyar mutum ta tsaya. Kina ba da umarni, kowa yana bi. Ina waccan matar? Wannan da ke gabana izini take nema kafin ta faɗi abin da ta sani."

Maganar ta bi ni har gida. A gidanmu yarinya ba ta kallon babba a tsakiyar ido. In Baffa ya tambaye ka abu, ko ka san amsar ba ka yanko ta kai tsaye, sai ka kewaya, ka sassauta, ka bar masa ƙofar gyara. Wanda ya amsa da sauri ana ce masa mara kunya ko mai rawar kai. A makarantar likitanci ma haka muka tashi, in babban likita yana zagayen marasa lafiya, mai hankali shi ne wanda ya sunkuyar da kai. Ba na raina wannan tarbiyya, ita nake ba 'ya'yana, da ita nake zaune lafiya da surukaina. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen nan minti bakwai gare su su gane ko za a iya damƙa mini sashe guda da rayuka goma sha shida a tsakar dare, kuma abin da ya fito daga bakina kaɗai za su rubuta wa maki. Ladabin da na kai musu, a wajensu rashin tabbas ne.

Wata shida gare ni kafin zaman Oktoba, kuma ɓangaren da na faɗi kawai zan sake. Na tattara katunan nan na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Na koma wajen waɗanda na ƙi a da, wata 'yar Indiya da wani ɗan Sudan, muka riƙa haɗuwa ta bidiyo sau uku a mako bayan yara sun yi barci. Dokarmu ɗaya ce: jimlar farko dole ta zama amsa. Ma'anar abu, rabe-rabensa, sannan abin da zan yi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ce "ina jin" ko "wataƙila" a inda ya san tabbas, za a buga masa cokali a kofi. Makon farko kofin 'yar Indiyar nan ya sha duka saboda ni.

Maigida kuwa, wanda lissafin kuɗi ya karanta, ko ganin jini ba ya so, shi ya zama mai jarabawa na gida. Yakan zauna a teburin cin abinci da agogon girki, ya murtuke fuska, ya karanto tambaya yana karya sunayen magunguna, ya ce, "Dube ni nan, ba tabarma ce ta tambaye ki ba." Shekara goma sha uku da aure, sai a lokacin na gane ko shi ban cika kallonsa a ido in muna magana mai muhimmanci ba. Babbar 'yarmu tana leƙowa daga bene tana dariya.

Amma wadda ta fi kowa gyara ni ba ta san ta yi ba. Wata Lahadi ina waya da Inna ta ce, "Wai me suka tambaye ki ne har ya gagare ki?" Na ce a kan mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne amma na'ura tana hura masa iska, zuciyarsa tana bugawa. Ta ce, "To ya mutu ko bai mutu ba?"

Na buɗe baki zan ce ya danganta, sai na ji ba zai yiwu ba. Da Hausa babu inda zan ɓuya. Babu dogayen kalmomin Turanci da zan jera in rufe rashin tsayawata. Na ce, "Inna, ya mutu." Ta ce, "Da me kuka sani?" Sai na fara yi mata bayani kamar yadda zan yi wa manomin nan. Da farko sai an san abin da ya lalata ƙwaƙwalwar, kuma an tabbata ba mai gyaruwa ba ne. Sai an tabbata ba maganin barci ne bai sake shi ba, ba sanyi ne ya kama jikinsa ba, ba sukari ko gishirin jini ne ya rikice ba. Sannan likitoci biyu, kowanne ya haura shekara biyar da rajista, ɗaya babban likita, su yi gwaji tare. A haska fitila a ido, ƙwayar idon ba ta tsuke ba. A taɓa idon da auduga, bai ƙifta ba. A ɗura ruwan ƙanƙara a kunne, idon bai juya ba. A danna saman gira da ƙarfi, ko yamutsa fuska. A taɓa can cikin maƙogwaro, ba tari ba yunƙurin amai. Daga ƙarshe a cire shi daga na'urar minti biyar, ana ba shi iskar oksijin, a jira iskar da jiki ke fitarwa ta taru a jini har ta kai inda duk mai rai dole ya ja numfashi, a zuba wa ƙirji ido. In bai motsa ba, a mayar da na'ura, a sake gwajin duka karo na biyu.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malamai fa, me suka ce?" Nan ma na ba ta kai tsaye, don na bincika wa kaina tun tuni, abin ya daɗe yana damuna. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauki wannan a matsayin mutuwa. Ta Makka kuma, a shekarar da ta biyo, ta halatta a cire na'urar amma ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. Inna ta ce, "To ai kin iya. Me ya hana ki gaya musu haka?" Na duba agogon waya. Bayanin duka bai kai minti shida ba.

Daga ranar na sauya salo. Kowane babi sai na fara faɗinsa da Hausa, da ƙarfi, ina wanke-wanke ko ina tuƙi, kamar Inna ce a gabana. Inda na ji na maƙale na kasa samun Hausarsa, na gane ba kalma ce ta ɓace mini ba, abin ne ban fahimta ba, sai in koma littafi. Wankin ƙoda na awa ashirin da huɗu da muke yi a sashenmu ya ci mini kwana uku kafin in iya bayyana bambancin tacewa da tsotsewa ba tare da na ari bakin Bature ba. In Hausar ta zauna, Turancin yakan fito a miƙe, gajere, ba kwana-kwana.

A watan Agusta aka kwantar da wani saurayi Musulmi a sashenmu, jini ya fashe masa a ka. Bayan gwaji na biyu ni aka ce in yi wa iyalinsa magana. Mahaifinsa dattijo ne mai farin gemu, kamar Baffa. Duk jikina yana ce mini in sunkuyar da kai in kewaya. Na zauna daf da shi, na dube shi, na ce ɗansa ya rasu, na faɗi lokacin, na yi shiru. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana biyu kowa yana yi mini magana, ban gane ko in yi addu'ar sauƙi ko ta gafara ba. Na gode, 'yata."

Oktoba ta zo da ruwan sama. Na sake sauka a Holbon, na yi walaha a wani lungu cikin ginin, na karanta Rabbi ishrah li sadri har zuwa wahlul uƙdatan min lisani, addu'ar Annabi Musa, wadda Baffa ya koya mana tun muna yara ban taɓa lura cewa a kan ɗaurewar harshe take ba. Tebur na farko gubar jini, na biyu raunin kai. Ina amsawa ina kallon tsakanin girar mai tambaya, dabarar da ɗan Sudan ya koya mini, don har yanzu tsakiyar ido yana yi mini nauyi. A tebur na uku wani likita ya gyara tabarau ya ce in ba shi labarin tetanus.

Saura kaɗan in yi dariya. Ciwon sarƙewar haƙora, wanda a Ingila duka ake ƙirga masu kamuwa da shi a shekara da yatsu, yawancin abokan jarabawata a littafi kawai suka san shi. Ni kuwa na yi jinyar masu shi a ɗaki mai duhu a ƙarshen baranda, manomin da ya taka ƙusa, jaririn da aka yanke wa cibi da tsohuwar reza. Na ce ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa, dafinta yana bin jijiya ya hau zuwa laka ya toshe sinadaran da ke sa nama ya saki, shi ya sa jiki yake sandarewa. Na ce a ba da maganin kashe dafin da bai riga ya kama ba, a wanke raunin a yanke ruɓaɓɓen nama, a ba da metronidazol, a kwantar da jijjigar da dayazefam da magnesiyam, a rage haske da ƙara, a huda maƙogwaro da wuri domin jinyar makonni ce. Na ce abin da ke kashe su bayan an shawo kan numfashi shi ne hawa da saukar jini da bugun zuciya a mako na biyu. Na ƙara da cewa ciwon ba ya barin kariya a jiki, don haka ko ya warke sai an yi masa rigakafi kafin ya tafi gida. Ya tambaye ni ta yaya zan gane magnesiyam ya yi yawa. Na ce in na buga gwiwa ƙafa ba ta harba ba, kuma na gaya masa na yi hakan da hannuna a inda babu ɗakin gwajin jini da dare. Ya ɗago ya dube ni, ya rubuta wani abu. Tambayoyinsa suka ƙare kafin ƙararrawa, muka zauna shiru muna jiran ta.

Da sakamako ya fito ban shiga ɗakin ajiye kaya ba, a gaban nas-nas na buɗe. Na yi sujada a nan kan tayil ɗin ofis, wata nas 'yar Filifin tana ta ihu tana rungume ni. Na kira maigida, ya ce a ajiye masa agogon girkinsa a gidan tarihi. Sannan na kira Funtuwa.

Inna ta yi guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. Na ji tana kiran maƙwabta ta kan katanga. Da ta dawo tana haki ta yi mini addu'a mai tsawo, ta haɗa da Baffa da ke kabari, ta haɗa da dattijon Sikotland da ba ta san sunansa ba. Sai ta ɗan yi shiru.

"To 'yar nan," ta ce, "saura wacce?"